Injin da Ya Faɗi Ciwonsa Sau Goma Sha Tara

Akwai wani mutum, malamin makaranta, wanda ya haɗa kwamfuta da hannunsa. Ya sayi sassanta ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowanne a mazauninsa. Ran da ta kama, har maƙwabta ya kira su zo su gani.

Yana da dalilin haɗa ta. Kakarsa, Tabita, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san tsofaffin waƙoƙin yabo da masu bi na farko suka tsara da yaren ƙauyensu. Ba a taɓa rubuta su ba. Niyyarsa ita ce ya ɗauki muryarta, ya ajiye wa ikkilisiya.

Kowane sashe na kwamfuta yana bukatar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda take sa shi ya fahimci sauran injin. Wanda ya ƙera sashen shi yakan ba da ita. Na'urar ɗaukar murya ta zo da takarda mai nuna inda za a samo tata. Amma mutumin ya ga wata a wani shafi na intanet, an ce tana sa murya ta fita tas fiye da ta asali. Ba a san wanda ya rubuta ta ba. Ita ya zaɓa.

Bayan kwana biyu, yana cikin aiki, sai allon ya yi shuɗi, injin ya mutu, ya sake tashi da kansa. Washegari ma haka.

Abokinsa Dogara, mai gyaran kwamfuta, ya biyo ya gani. Ya ce, "Me ka sa mata na ƙarshe kafin ta fara suma?"

"Ba abin da na sa. Wuta ce ba ta tsayawa."

"Layinmu ɗaya da kai, tawa kuwa ba ta suma. Ka ga, injin nan yana da wurin da yake rubuta abin da ya kayar da shi duk sa'ad da ya faɗi. Buɗe mu karanta."

Mutumin ya ce, "Dogara, ni na haɗa ta. Babu wayar da ke cikinta da ban sani ba."

Dogara ya yi dariya. "To, Injiniya, ranka ya daɗe. Abu biyu kawai. In za ka canja wani abu, canja ɗaya, ka jira ka gani. Ran da Kaka za ta yi waƙa kuma, ka ajiye wayar hannu kusa da ita tana ɗauka."

"Waya? Na haɗa wannan duka don in koma ga waya?"

Da Dogara ya tafi, mutumin ya buɗe injin. A yini ɗaya ya canja fanka, ya canja igiyar wuta, ya cire sassa ya hure ƙura ya mayar. Direbar nan kaɗai bai taɓa ba, domin ita ce zaɓin da ya fi alfahari da shi. Injin ya yi kwana uku lafiya, sai ya ce ya warke. A rana ta huɗu ya faɗi. Mutumin ya ce zafi ne.

Bayan girbi aka kawo Kaka Tabita daga ƙauye. Ta dubi injin sama da ƙasa, ta ce wa jikanta, kamar yadda ta saba tsokanarsa, "Mijina, wannan akwatin ne zai riƙe waƙa? Kai da nake aikenka gishiri ka dawo da barkono?"

Ya ce, "Kaka, wannan ba ya mantuwa."

Ta zauna a tabarma, ta fara. Tun da hantsi take yi har rana ta karkata. Takan tsaya ta kurɓi ruwa, ta faɗi sunan wanda ya tsara waƙar da abin da ya same shi a shekarar. Waƙa ashirin da uku ta rera. Tana tsakiyar ta ƙarshe allon ya yi shuɗi.

Da injin ya tashi, abin da aka ɗauka ya ƙi buɗewa. Dogara ya zo ya gwada iyakar saninsa, bai ceto ko baiti ɗaya ba.

Tsohuwar ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ban gaya maka ba? Bari muryata ta huta. In Ubangiji ya kai mu Ista, zan dawo."

Ba ta kai Ista ba. Ran jana'izarta matan zumunta suka ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙin. Suka kai baiti na biyu, suka tsaya suna kallon juna, ba wadda ta san sauran.

Bayan mako guda mutumin ya zauna ya buɗe rubutun da Dogara ya ce a karanta. Ya tarar injin ya faɗi sau goma sha tara, kowane karo kuma ya rubuta suna guda: direbar da ya ɗauko daga shafin nan. Ya cire ta, ya sa ta wanda ya ƙera na'urar. Aikin bai kai lokacin dafa shayi ba. Tun daga ranar injin bai ƙara faɗuwa ba.

Ma'anar wannan misali ke nan. Injin shi ne rayuwar da kowannenmu yake haɗawa da ƙoƙarinsa: gida, aiki, aure, hidima. Sassan ba su da laifi. Direbar ita ce koyarwar da muka yarda ta bi da mu. Mahaliccinmu ya ba mu tasa a fili cikin Maganarsa, amma mukan fi son wadda muka tsinto da kanmu, don ta yi mana alkawarin abin da ya fi.

Rubutun da ke cikin injin kuwa lamiri ne. Duk faɗuwar da muka yi, yakan rubuta dalilinta, kuma yawanci dalili ɗaya ne yake ta maimaituwa. Mun san haka, shi ya sa ba mu son buɗewa. Sai mu canja unguwa, mu canja abokai, wani har ikkilisiya yakan canja, a gan shi yana ta gyara, alhali abu ɗayan nan yana nan inda yake. In Allah ya aiko mana wani Dogara, mukan amsa masa da wasa.

'Yan'uwa, ku lura, mutumin nan ya gyara injinsa. Tuba ba ta gagare shi ba, ba ta kuma yi masa wuya ba. Allah mai jinƙai ne, yana karɓar wanda ya juyo ko da a makare. Amma akwai abin da jinkirinmu yake jawo wa waɗansu, wanda gyaran baya ba ya mayarwa. Kowa a nan ya san sunan da aka rubuta masa sau goma sha tara. Ka je ka karanta shi yau, tun wanda kake so ka ji muryarsa yana da rai.