Ƙwarƙwarar da Sarki Ya Manta Sunanta

A can Farisa, wai ƙwarƙwara sau ɗaya take kwana wurin sarki, sai a kulle ta har ranar da ya kira ta da sunanta. Parwana 'yar maƙeri har ta fara furfura tana jira.

Ran nan sarki ya ratsa gidan, ta durƙusa ta roƙi ya sake ta, ta koma gun tsohuwarta.

Ya yi dariya ya ce, "Kawo shaidar cewa ke ba tawa ba ce."

"Ranka ya daɗe, ai kai ne shaidata. A shari'arka, mai cigiyar saniya sai ya kira ta ta amsa kafin a ba shi. Kira ni in amsa."

Sarki ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi mai tsaron matan, shi ma yana sosa ƙeya.

Can ya ce, "Ku buɗe wa... wance ƙofa."