Kwalbar da Ikilima Ta Yi Gaggawar Buɗewa

Akwai wata ɗaliba 'yar Indabo mai suna Ikilima, tana digiri na biyu a wata jami'a a Wudil. Bincikenta kan wani furotin ne da ke manne a fatar ƙwayar halitta. Ba a iya ciro shi da ransa sai da wani garin sabulu na musamman, mai laushi, wanda sai daga waje ake kawowa.

Mai kula da ɗakin gwajin wata dattijuwa ce, Mama Saratu. Ranar da kwalbar garin sabulun ta iso, ta ga Ikilima ta ciro ta daga firiza za ta buɗe.

"'Yata, bari sanyin ya sake ta tukuna. Damina ce, garin sabulun zai sha danshi."

"Mama, na karanta komai a takarda," in ji Ikilima, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Haka ta riƙa buɗe kwalbar da sanyinta kullum. Bayan wata biyu garin ya dunƙule, furotin ɗin kuma da ta ciro shi sai ya cure ya lalace. Saura mako shida ta miƙa aikinta, sabuwar kwalba kuwa sai ta yi wata uku a hanya.

Wata rana da hantsi Mama Saratu ta tarar da ita a kan benci tana kuka. Ba ta tuna mata da komai ba. Ta buɗe firiza ta ɗauko wani ɗan bututu.

"Na nemi izinin malaminki na ɗebi kaɗan daga garin sabulun na ajiye tun makon farko. Ba yawa, amma in mun lallaɓa zai kai mu."

Ikilima ta durƙusa. "Mama, bayan abin da na yi miki?"

"Tashi ki wanke fuskarki. Ni ma na taɓa ɓata kwalba guda, wani ne ya rufa mini asiri."

Suka zauna suna jiran sanyi ya saki bututun, Mama Saratu tana tambayarta labarin gida. A gwaji na uku ruwan gwajin ya fito garau, furotin ɗin lafiya lau.

Ranar da Ikilima ta kare aikinta a gaban malamai, mahaifinta ya zo daga gona. Kafin su ɗauki hoto, ta ja shi har ɗakin gwaji ta ce, "Baba, fara gaida uwata ta nan."

Darasi: Kada karatunka ya hana ka sauraron wanda ya daɗe yana aikin da hannunsa. In kuma wanda ya raina ka ya faɗi, ɗaga shi ba tare da gori ba. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani.