Izinin Mazajenmu

Na rasa mijina Malam Barmo, na sami ƙungiyar mata masu marayu. Sai dai injin niƙan da aka yi mana alkawari ba ya zuwa sai da rajista, rajista kuma sai da hatimin Dagaci.

Da na je fadarsa, Dagaci ya ce, "Kuluwa, a garin nan mace ba ta shiga ƙungiya sai da izinin mijinta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mazajenmu suna maƙabarta."

"To, ku je ku nemo."

"Mata ba sa shiga can. Kai za ka tambayo mana. In ɗaya ya ce a'a, mun haƙura."

"Ke! Ai shiru za su yi."

"In ka yanke magana a fadar nan, ka tambaya ko akwai mai ja, aka yi shiru, me kake cewa?"

Liman ya yi caraf ya ce, "An amince!"

Dagaci ya harare shi, ya jawo hatimi. Ya ce amma shi ne uban ƙungiya, kuma makullin ɗakin inji a hannunsa.

Na ce uba dai na yarda, har niƙan tuwon sallarsa kyauta. Makulli kuwa yana bakin zanina.