Jan Ruwa a Ƙarƙashin Gadon Mota

A gidanmu na haya da ke Zangon Kumasi akwai wani mutum mai suna Brimah, dillalin goro. Ba shi da rowa, ba shi da ƙarya, kuma yana ji da mahaifiyarsa, Mma Azaratu, fiye da ransa. Ciwonsa ɗaya ne, zargi. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya ce me kake nema? In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ya ce dama ya sani. Shekara goma sha ɗaya muna shan ruwan famfo ɗaya da shi, amma har yau in ya shanya riga sai ya ajiye kujera a gindin igiya.

Ƙaninsa Abass ya aiko masa da wata tsohuwar mota daga Jamus, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, mai gado da murhu a ciki. Ba don ado aka aiko ta ba. Mma Azaratu ta faɗi ta karye a ƙugu, ba ta iya zaman kujera ko na minti ashirin, balle trotro, ƙaramar bas ta haya. Ƙanwarta Lariya kuma tana Yeji, ita kaɗai ta rage mata a cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, shekara shida ba su sa juna a ido ba. Da motar nan za a kai tsohuwa a kwance.

Aka ba Masta Khalidu motar ya duba. Makanike ne a bakin layinmu, tare suka yi makarantar allo da Brimah. Ya canja mai, ya gyara birki, ya mayar da makulli.

Bayan kwana uku Brimah ya dawo daga kasuwa, ya buɗe ƙofar baya, sai ya ga shimfiɗar ƙasa ta jiƙe a gindin gadon. Ya taɓa. Ruwa ne ja-ja, mai santsi, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ya ja da baya yana salati.

“Safura!” ya kira matarsa. “Zo ki ga abin da aka zuba mini.”

“Wa zai zuba, Maigida? Ai a kulle take.”

“Wa ya riƙe makullin in ba Khalidu ba? Kuma daidai inda Mma za ta kwanta! Ruwa ba ya tsami banza.”

Safura ta lallaɓa shi da ƙyar ya yarda a kira Khalidu. Ina tsaye a wurin. Khalidu ya durƙusa ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya tashi yana karkaɗe gwiwa.

“Ɗan'uwa, ba komai ba ne. Akwai ƙaramin lagireto a cikin akwatin gadon nan. Turawa sun sa shi saboda sanyin ƙasarsu. Ruwan zafi na tasowa daga inji ta tiyo biyu, ya zo nan ya ɗumama masu barci, ya koma. To, ya tsufa ya huje. Jan da kake gani, maganin da suke zubawa ne a ruwan inji. Bari in kwance katakon in sa wani lagireton, akwai su a Magazin wurin masu kayan gwanjo. Aikin rabin yini ne.”

Brimah ya yi wata dariya marar daɗi. “Hita a Kumasi? Inji na gaba, ruwansa na baya? Khalidu, ni za ka yi wa wannan?”

“Ka zo mu buɗe tare ka gani da idonka.”

“Ka buɗe ka ɗauke abin da ka binne, ko? Ranar da motar nan ta zo, wa ya zagaye ta sau uku yana cewa ina ma tasa ce?”

Wallahi na ji kunya kamar ni aka faɗa wa. Khalidu kuwa cewa ya yi, “Allah ya huci zuciyarka. Amma don girman Allah kada ka hau doguwar hanya da Mma kafin a gyara.” Ya ɗauki sufanarsa ya tafi.

Daga ranar Brimah ya shiga aiki. Ya canja kwaɗo, ya turara motar har hayaƙi na fita ta taga, ya ɗauke ta daga layinmu ya kai gidan wani abokin cinikinsa a Krofrom. Washegari ya yi ɗan yawo da ita, ruwan ya sake fitowa. Maimakon ya ce ashe ba Khalidu ba ne, sai ya ce lallai biri ya yi kama da mutum, Khalidu ya yanka makulli na biyu. Da ya ga ruwan inji na raguwa kullum, ya ce ana tsiyaye masa ne don a tabbatar da ƙarya. Na ce masa, “Malam Brimah, ka kai wa wani makaniken mana.” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce duk bakinsu ɗaya, kuma ni nawa aka ba ni? Na kama bakina na koma kan kekena na ɗinki.

Ana haka, wata Laraba da yamma aka bugo waya daga Yeji. Jikin Lariya ya yi tsanani, ba ta kiran sunan kowa sai na yayarta.

Tun hantsin Alhamis bai yi ba suka kama hanya. Brimah ya cika ruwa, aka kwantar da Mma Azaratu a gado, Safura na gefenta. Da komai ya tafi daidai, kafin azahar suna Yeji. Motar ta hau tudun Mampong tana nishi, allurar zafi na ta hawa, Brimah na ta tofa addu'a a kan sitiyari. Sun wuce Ejura da kaɗan sai Safura ta ƙwalla ƙara. Tururi ne ke fitowa daga ƙarƙashin gadon, ya cika bayan motar, tsohuwa na tari, ruwan zafi na malala a ƙasa. Injin ya yi kakari ya mutu.

Suka sauke ta a gindin wata bishiyar kashu, a kan tabarma. Da injin ya huce, wani manomi ya kawo jarkar ruwa. Brimah ya zuba a gaba. Yana zubawa, manomin ya ce, “Masta, ga ruwanka nan yana fita ta baya.” Brimah ya zaga. Ruwan da ya zuba da hannunsa ne ke tsiyaya daga akwatin gadon, babu Khalidu, babu makulli na biyu.

A ƙauyen da ke kusa mai faci kawai ke akwai, shi kuma ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Masu trotro sun tsaya, amma ina za a kwantar da mai karayar ƙugu? Brimah ya riƙe waya kusan awa guda yana jujjuya ta, kunya ta hana shi. A ƙarshe Safura ce ta fizge ta kira Khalidu.

Khalidu ya iso bayan azahar a kan babur, ƙura har gira, da kwali ɗaure a baya. Bai tsaya jin ban haƙuri ba. Ya gaida Mma, ya kwance katakon gadon, sai ga abin nan a fili, ɗan ƙarfe mai faɗin farantin abinci, ya yi tsatsa, gefensa ya tsage. Ya sassauta maɗauran tiyo biyun, ya zare shi, ya miƙa wa Brimah. Sannan ya buɗe kwalin ya fito da wani.

“Yaushe ka saya?” Brimah ya tambaya da ƙyar.

“Tun ranar da ka kore ni. Na san za a neme shi.”

Khalidu ya zaunar da lagireton, ya ɗaure tiyo, ya cika ruwa, ya tada injin ya bar shi yana aiki har iskar da ke ciki ta fita. Ya shafa ƙasan akwatin, a bushe. Allah ya sa injin bai ƙone ba. Khalidu ya bar baburinsa wurin mai faci, ya karɓi tuƙin da kansa.

Rana ta kusa faɗuwa suka shiga Yeji. A bakin layin suka haɗu da maza suna tafe a jere, wasu da shebur a kafaɗa, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Lariya ta cika da azahar, an rufe ta bayan la'asar. Ba su faɗa a waya ba don tsohuwa na kan hanya. Wata mata ta ce tun safe Lariya ta sa a juya ta ta fuskanci ƙofa, ko motsin mota ta ji sai ta ce, “Yaya ce?”

Mma Azaratu ba ta yi kururuwa ba, hawaye kawai ke bin kumatunta. Brimah ya hau motar ya miƙa hannu zai ɗauko ta. Ta dubi hannun, ta kau da kai.

“Khalidu, ɗana,” ta ce, “zo ka sauke ni.”

Jama'a, darasin a bayyane yake. Magabata sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda bai zama ba? Ba kowane abin da ba ka gane ba ne asiri, kuma ba kowane mai ba ka shawara ne ke neman wani abu a wurinka ba. In masani ya ce maka zo mu buɗe mu gani, ka je ka gani kafin ka yanke hukunci. Brimah ya nemi gafarar Khalidu, an yafe masa, motar ma tana nan tana aiki lafiya. Amma yinin da zargi ya cinye masa a hanyar Yeji, babu makaniken da zai iya dawo masa da shi.