Ƙyauren Mai Buroshi

Na rasa ƙyauren dama na ƙofar ɗakina, na rasa barcin kirki tare da shi. Na samu kuɗin da suka ƙare kafin damina ta fita, na kuma samu wani ciniki guda wanda har yau nake ɗaga kai idan na tuna shi. Karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa barin kasuwa an ƙware ni ba.

Akwai wani malami a kwalejin da ke bayan tashar mota. Yana koya wa ɗalibai tarihin manyan masu zane, waɗanda suka tsara haruffa da tambarin kamfanoni da hotunan talla. Duk waɗanda yake haska musu a bango mutanen ƙasashen nesa ne. Wata rana wata ɗaliba ta ce masa, "Malam, mu garinmu ba a taɓa haihuwar mai hannu ba ne?"

Shi da bakinsa ya ba ni wannan labarin. Sai ya tuna allunan shagunan da ya koyi karatu a jikinsu yana yaro, a hanyar makaranta.

Mijina ne ya rubuta su. Mai Buroshi ake ce masa. A zamaninsa, daga mai aski har mai gyaran agogo, babu shagon da ake buɗewa sai an jira hannunsa. Sai injin buga talla a kan leda ya shigo gari. Aka riƙa sauke allunansa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka tare akuyoyi da su, wasu aka hura wuta. Ya koma tafiya a titi kansa a ƙasa. Warin fentin da ya sha tun yana saurayi ya zauna masa a ƙirji. Ya yi ta tari har ranar da gidan ya yi shiru.

Malamin ya zaga gari kaf bai samu allo ko ɗaya ba. Aka yi masa kwatancen gidana.

Mai Buroshi yana da wata ɗabi'a. Ba ya taɓa allon mai shago sai ya fara gwada harafin a bayan ƙofar ɗakinmu, ƙofa mai ƙyaure biyu. Mun sha faɗa a kan haka, don har tufafina warin fenti suke. Babu wurin da za ka ɗora tafin hannu a ƙofar nan ba ka rufe harafi ba: mai ciki biyu, mai wutsiya kamar ta zakara, ja a kan shuɗi, ga tsuntsaye a tsakani.

Malamin ya tsaya gabanta yana bin haruffan da ido. Sai ya tsuguna.

"Mama, daga sama ya fara, ko?"

"Tun muna amare. Kan turmi yake hawa."

"Nan tsakiya hannun ya nuna. Nan ƙasa kuma layin ya fara rawa."

"Lokacin ba ya iya tsayuwa. A zaune yake yi."

"To ai rayuwarsa ce duka a nan. Ki sayar wa makaranta, ɗalibai su gani."

Ya faɗi abin da makarantar za ta iya biya. Na yi dariya har na riƙe ciki.

"Malam, wannan ko ƙofar bayi ba zai saya ba. Ka zo da takalmi mai ƙyalli da aljihu mai iska."

"Gaskiya ne, Mama. Amma abin da ke akwai ke nan."

"To ka gaida gida."

Bai yi fushi ba. Ya riƙa dawowa, wani lokaci da lemo a leda. Ya zauna a tabarma ya tambaye ni yadda marigayi yake haɗa launi, da wanda ya koya masa. Ni kuwa kullum sai na ƙara farashi, don na ga yana so. Wata rana na tambaye shi ko yaran nasa suna riƙe duk sunayen nan da yake zuba musu. Ya yi murmushi ya ce, "Wanda zai fito a jarrabawa kawai suke riƙewa. Sauran a bakin aji suke zubar da shi."

Ana cikin haka sai ga wani dillalin tsofaffin kaya, mai zobe a kowane yatsa. Ban san wanda ya kai masa labari ba.

"Hajiya, ashe zinariya kike rufe ɗaki da ita."

"Ban je ba tukuna, ka riƙe Hajiyarka. Nawa ka zo da shi?"

Mun yi ciniki tun hantsi har rana ta karkata. Ya tafi, na bar shi, ya dawo. Na matse shi har ya cire hula yana fifita da ita. Na sayar masa da ƙyauren dama kaɗai, na riƙe na hagu don farashinsa ya tashi. Abin da ya biya ya ninka na malamin nesa ba kusa ba. Na rataya tsohon zane a gurbin, na ce ciniki ya yi kyau.

Da malamin ya zo ya ga zanen yana kaɗawa, sai ya zauna a ƙasa ba tare da na shimfiɗa masa tabarma ba.

"An gaya miki abin da za a yi da shi?"

"Wanda ya biya shi ke da kayansa."

"Haka ne," in ji shi. Ya ajiye lemon ya tafi.

Bayan wani lokaci dillalin ya dawo neman na hagu. Don ya kwaɗaita mini, ya ɗauke ni a mota zuwa wani sabon wurin shan shayi na masu kuɗi, in ga yadda aka ɗaukaka aikin mijina.

Tebur suka yi da shi.

An bi fuskarsa da sanfefa don ya ƙara kama da tsohon abu, har rabin haruffan sun dushe. An huda tsakiyarsa an zura sandar laima, daidai kan wani tsuntsu da mijina ya zana a makon da na haifi 'yarmu ta fari. Wasu samari sun jera kofuna a kai suna dariya. Na duba tsawonsa na ga bai kai ba.

"Ina ƙasan?"

"Mun yanke, Hajiya. Rubutun wajen duk a karkace yake, kamar na mai koyo. Kafinta ya haɗa da shara."

Wannan karkataccen rubutun, ni nake riƙe wa marigayi gwangwanin fenti yana yin sa, yana tari, yana cewa hannun zai dawo. Ban yi kuka a gabansu ba. Na ce a mayar da ni gida. A hanya dillalin ya ninka tayinsa, ya sake ninkawa. Na ce masa ko motar zai haɗa mini ba zan sayar ba, ya sauke ni a bakin titi.

Na aika a kira malamin. Ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Shigo, Malam. Yau ciniki za mu yi na gaske. Ka ce rayuwarsa ce. Rabi ya rage."

"Kuɗin makaranta bai ƙaru ba, Mama."

"Wa ya yi maka maganar kuɗinku? Ku riƙe ku sayi alli. Da farko, ba za a yanke shi ba, ba za a goge ba, ba za a kwantar da shi ba. A tsaye zai zauna a ajinka, ƙasan nan mai rawa a waje, kowa ya gani."

"Na yarda."

"Kuma idan ka zo kan darasinsa, ka gaya musu abin da fenti ya yi wa ƙirjinsa. Kada ka tsaya a kyawun wutsiyar harafi."

"Na yarda."

"Kafintan makaranta ya sa mini ƙofa mai kwaɗo. Ba zan kwana a bayan zane ba."

Ya ɗan yi dariya. "Shi ke nan?"

"Saura babban. Kai ka ce abin da zai fito a jarrabawa kawai suke riƙewa."

Ya dube ni, ya dubi ƙyauren. Ya ce wannan sai ya roƙi shugabansa, kuma zai iya ɗaukar lokaci. Na ce ƙyauren ba ya sauri, ni ma haka. Ya yi ta zirga-zirga har aka amince, sannan na bari aka kwance shi.

Farashin da na karɓa ke nan: sabuwar ƙofa, da tambaya guda a jarrabawar kowace shekara. Duk ɗalibin da bai san sunan mijina ba, ya rasa makin.

Darasi: Kafin ka sallama abin da wani ya ƙarar da ransa a kai, tambayi mai saye me zai yi da shi, ba nawa zai biya kaɗai ba. Wanda ya fi kuɗi ya yanke rabin, mai haƙuri ya tsayar da rabin. Ku tura wa duk wanda ke da aikin hannun mamaci a gidansa, tun dillali bai riga ku isa ba.