Rabin Gemun Hakimi

Wai wani Hakimi ne ya kafa doka: kowane laifi a rama shi daidai wa daida. Ran nan Nomau wanzami yana masa gyaran fuska, atishawa ta ƙwace masa, aska ta share rabin gemun Hakimi.

Hakimi ya ce, "A aske rabin nasa!"

Aka duba, haɓar Nomau sumul kamar bayan ƙwarya.

"To, ka tsiro da gemu, ko ka bar garin nan!"

"Ranka ya daɗe, ai sai irin naka, wanda ya ƙoshi da kaji da man shanu. A fara ciyar da ni har nawa ya kamo shi, kada doka ta karye."

Hakimi ya tuna kajinsa.

"Kai, ɗauko askarka ka ƙarasa ɗaya gefen!"