Teburin Papa Zinsu

Akwai wata budurwa a Kwatano mai suna Senami. Tela ce, tana da ɗan shagonta a unguwar Akpakpa. Da aka sa ranar aurenta da Gildas, malamin makarantar firamare, sai suka yanke shawarar ba za su kama babban zauren biki ba. Gidan abincin Maman Huefa da ke bakin teku suke so, su kama shi gaba ɗaya na yini guda, daga su sai mutanensu.

Ranar da za su je neman wurin, wata Asabar, Tanti Akuavi ta ce ƙafarta ƙafarsu. Yayar mahaifin Gildas ce, dillaliyar atamfa a kasuwar Dantokpa, macen da in ta yi raɗa sai an ji ta a layi na uku.

Maman Huefa ta karɓe su hannu bibbiyu. Aka tsayar da Asabar, aka tsayar da abinci: jan tuwon masara da kaza, wainar ablo da soyayyen kifi, soyayyar ayaba da yaji. Har sun miƙe, sai ta ce, "Amma fa da sauran magana ɗaya."

Ta nuna wani tebur a lungu. Wani tsoho ne zaune shi kaɗai, yana cire ƙayar kifi a natse.

"Papa Zinsu ke nan. Shekara ashirin duk Asabar nan yake cin abincin rana. Da matarsa suke zuwa. Yau shekara shida da rasuwarta, bai fasa ba. Wallahi bakina ba zai iya ce masa kada ya zo ba."

"To ni nawa bakin zai iya!" in ji Tanti Akuavi. "Wuri muka kama ko rabin wuri? Ga manyan mutane za su zo, sai a ga wani tsoho a gefe yana tsotsar ƙaya?"

Senami ta juya wajen lungun. Ta tsaya tana kallon tsohon, rigarsa ta koɗe amma an goge ta tas. Sai ta taka har teburinsa, ta rusuna ta gaishe shi.

"Papa, Asabar ta ƙarshen wata za a yi bikina a nan. Ina gayyatarka."

Tsohon ya ɗago ya dube ta, ya yi dariya. "'Yata, ni da ba ni da ankonku? Sai in ɓata muku hoto."

"Ai kuwa ka faɗa hannun tela," ta ce. Ta zaro tef ɗin awo daga jakarta. "Miƙe, Papa."

Nan a tsakiyar gidan abinci ta auna shi. Gildas yana ƙunshe dariya, Tanti tana tsaki.

Makonnin da suka biyo baya ba a zauna ba. Wurin mutum tamanin yake ɗauka, sunayen da dangi suka kawo kuwa sun haura ɗari biyu. Kullum da yamma Senami da Gildas suna kan takarda suna soke suna, washegari a kira su a waya ana fushi. Gildas ya ce, "Ashe rabin Kwatano 'yan uwana ne ban sani ba."

Duk sunan da aka soke, sai Tanti ta ce, "An cire ƙawata ta kasuwa, an bar wanda ko sunan ubansa ba mu sani ba." Senami ta ce, "A yi haƙuri, Tanti," ta ci gaba da ɗinkinta. Cikin ɗinkin har da rigar Papa Zinsu.

Ranar biki, bayan an fito daga coci, ango da amarya suka tsaya ɗaukar hoto, baƙi suka riga su isa. Da Senami ta shigo ana tafi ana guɗa, idonta ya kai lungun nan. Babu tebur, babu tsoho. Ta tambayi Maman Huefa, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta nuna bayan kicin.

Can ta same shi a kan benci kusa da buhunan gawayi, sanye da sabuwar rigarsa, faranti a kan cinya. Tanti ce ta sa aka mayar da shi nan.

Senami ta tattare farar rigarta da hannu ɗaya, ta kama hannunsa da ɗayan. Ta ratsa da shi ta tsakiyar jama'a har teburin iyaye, ta ja masa kujera. Sannan ta juya a ladabce ta ce, "Tanti, baƙona ne."

Tanti ta kawar da kai, tana fifita da katin gayyata.

Aka ci, aka sha, aka yi jawabai. Wajen ƙarfe uku, ana shirin kiran ango da amarya su buɗe fili, sai hadari ya taso daga teku. Ruwa ya kece, wuta ta ɗauke. Aka ja janareta, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Aka ja, aka sake ja, ko motsi. Mai sa kiɗa ya naɗe hannu yana kallon na'urorinsa.

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan rufi. Senami ta ji hawaye na neman zubo mata. Wata uku tana shirya wannan yini, ga shi zai ƙare babu ko taku ɗaya na rawa.

Sai Papa Zinsu ya miƙe. Bai ce wa kowa komai ba, ya fita cikin ruwan, ya tsayar da ɗan acaba ya hau.

"Kin gani ko?" in ji Tanti, da muryar da kowa ya ji. "Ya cika tumbinsa ya kama gabansa. Ko na gode babu."

Abin ya sosa wa Senami rai.

Aka ɗauki kusan minti arba'in. Ruwa ya tsagaita, wasu mata sun fara laluben jakunkunansu. Sai aka jiyo wata ƙara daga bakin titi, siririya mai zaƙi. Bigila ce. Ganga ta amsa mata, ƙararrawar ƙarfe ta shigo.

Kowa ya juya. Tsofaffi shida ne suka shigo a jere, jiƙe sharkaf, kowanne da abin busarsa ko gangarsa. A gabansu Papa Zinsu, kumatu a kumbure, bigila tana walƙiya a bakinsa.

Maman Huefa ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Shekara talatin shi ne shugaban 'yan badujalar unguwar nan. Tun ranar da aka binne matarsa bai sake hura ta ba."

Kafin ka ce kwabo an ture tebura gefe. Gildas ya ja hannun amaryarsa suka shiga fili, jama'a suka rufa musu baya. Masu girki suka fito da ludayi a hannu suna taka rawa. Har masu wucewa a titi suka tsaya suna leƙe.

Tanti Akuavi ta daure a kujerarta, fuska a murtuke. Amma ƙafarta ta ci amanarta, tana ta buga ƙasa. Da aka juya kiɗa zuwa wani tsohon take na zamanin 'yanmatancinta, sai ta yi wuf ta gyara ɗaurin zani ta faɗa fili. Ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, ba ta ko waiwaye shi ba.

Da makaɗan suka tsaya shan iska, ita da kanta ta ɗauko tire ta jera musu abinci. Ta durƙusa gaban Papa Zinsu.

"Papa, a yi mini aikin gafara. Ni ce na sa aka kai ka bayan kicin."

"Na sani," ya ce. "Ai ba ki cuce ni ba. A can kifin ya fi zafi."

Teburin ya kwashe da dariya, har ita Tantin.

Senami ta zo ta zauna kusa da shi, ta fara yi masa godiya. Tsohon ya girgiza kai, yana goge bigilarsa da gefen riga.

"Ni ne da godiya, 'yata. Shekara shida kowa yana gaishe ni, babu wanda ya taɓa ce mini zo. Ke kika ce."

Ya miƙe ya dubi abokansa. "Ku tashi, 'yan samari! Amarya ba ta gaji ba."

Darasi: Kada ka raina mutum don ka gan shi a lungu shi kaɗai, ba ka san abin da Allah ya ajiye a hannunsa ba. Kujera ɗaya da ka ba wani ba za ta rage maka farin ciki ba, wataƙila ma ita ce za ta cika shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda ke shirin biki.